An biya ka, amma ba a gama da kai ba: asibitocin Amurka da masu binciken kuɗin Medicare

A Amurka asibiti zai yi wa dattijo aiki yau, ya tura wa gwamnati takardar neman biya, kuɗi su shiga asusunsa kafin wata ya cika. Sai bayan shekara biyu ko uku wasiƙa ta iso, a ce a turo fayil ɗin wannan dattijo cikin kwana 45. Wanda zai karanta fayil ɗin bai taɓa ganin mara lafiyar ba, ba zai kira shi ya ji ko ya warke ba, kuma wani lokaci likitan da ya duba shi ya daɗe da barin asibitin. Idan abin da ke rubuce bai gamsar da mai binciken ba, kuɗin za su koma inda suka fito. Ba a ma jiran asibitin ya kawo da kansa. Za a riƙa zare su daga abin da yake bin gwamnati na sababbin majinyata har a cike.

Medicare shi ne shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya da Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba wa hannu ranar 30 ga Yuli, 1965, domin waɗanda suka kai shekara 65. Daga baya aka shigar da wasu masu naƙasa da waɗanda ciwon ƙoda ya kai su ga wanki. Yanzu mutum sama da miliyan 65 ne a ciki. Akwai kuma Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, wanda tarayya da jihohi ke haɗa hannu a kansa. Takardun neman biya da ke zuwa wa Medicare a shekara sun haura biliyan 1, doka kuma ta ce duk takardar da ba ta da wata matsala a fili a biya ta cikin kwana 30, in aka wuce haka gwamnati ta ɗora kuɗin ruwa. Babu ma'aikatan da za su iya buɗe fayil biliyan ɗaya. Saboda haka kwamfuta ce ke tacewa: lambar mara lafiya daidai take, lambar cutar ta dace da lambar aikin da aka ce an yi, ba a taɓa biyan wannan takarda ba, to a biya. Ko da gaske an yi aikin, ko ya ma kamata a yi shi, wannan an ajiye shi sai gaba.

Duk maganar shirin bincike daga nan ta taso. Kuɗin da suka shiga asusun asibiti suna hannunsa, ya biya albashi da su, ya sayi magani, amma ba su gama zama nasa ba sai shekaru sun shuɗe ba a tambaya ba, ko an tambaya ya iya ba da amsa da takarda.

Kowace shekara hukumar CMS, wadda ke tafiyar da Medicare, tana ɗiban dubban takardu ba tare da zaɓe ba, ta nemi fayilolinsu, ta fitar da ƙiyasin kuɗin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba. A 2014 ƙiyasin ya kai kashi 12.7 cikin 100. A 2024 ya sauka zuwa kashi 7.66, wato wajen dala biliyan 31.7. 'Yan siyasa suna son wannan adadi, sukan ɗaga shi a majalisa kamar duk sata ce. Hukumar da kanta tana maimaita cewa ba ma'aunin zamba ba ne, kuma kaso mafi girma na kurakuran rashin cikar takardu ne. An duba mara lafiya da gaske, an ba shi magani da gaske, amma likita bai sa hannu ba, ko umarnin yin gwajin ba ya cikin fayil, ko bayanin da aka rubuta bai nuna dalilin da ya sa aka yi abin da aka yi ba. Misali mafi ban mamaki shi ne na jinyar da ake bin mutane gida ana yi musu. Dokar lafiya ta 2010 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun ce dole likita ya ga mara lafiyar ido da ido, cikin kwana 90 kafin a fara jinyar ko kwana 30 bayan an fara, kuma a rubuta hakan. A 2015 kusan kashi 59 cikin 100 na kuɗin wannan ɓangare aka lissafa a matsayin biyan da bai dace ba. Ba wai fiye da rabin masu jinyar gida a Amurka ɓarayi ba ne. Rubutun likitoci ne bai kai abin da ake nema ba, likitocin kuma ba ma'aikatan kamfanonin jinyar ba ne balle a tsare su a ce su gyara.

Abu na farko da mai asibiti ke koya shi ne duba kan wasiƙa ya ga wa ya aiko, domin masu binciken ba iri ɗaya ba ne. Akwai kamfanonin da gwamnati ta ba kwangilar biyan kuɗin a kowane yanki, ana kiransu MAC. Su ne ke gudanar da wani bincike mai sauƙi-sauƙi da aka faɗaɗa zuwa duk ƙasar a 2017: idan lissafinka ya bambanta da na takwarorinka, za su ɗebi takarda 20 zuwa 40, su duba, su zaunar da kai su nuna maka kurakuranka, su ba ka aƙalla kwana 45 ka gyara, sannan su sake ɗiba. Zagaye uku ake yi. Wanda ya faɗi duka ukun sai a miƙa shi gaba. Akwai kuma UPIC, waɗanda aikinsu farautar zamba ne. Su suna iya zuwa ba sanarwa, su tambayi ma'aikata, su ziyarci majinyata, su sa a dakatar da biyan asibiti gaba ɗaya, su miƙa fayil ga ofishin Sufeto Janar na ma'aikatar lafiya ko ma'aikatar shari'a. Wasiƙar MAC aikin sashen lissafi ce. Wasiƙar UPIC kuwa, kafin kowa ya ce uffan lauya ake kira.

Amma waɗanda suka fi barin tabo a zukatan masu asibiti su ne RAC, kuma labarinsu ya cancanci a tsaya a kai.

Dokar gyaran Medicare ta 2003 ce ta ba da damar a gwada wata dabara: a ɗauko kamfanoni masu zaman kansu su tono tsofaffin takardu, a biya su la'ada daga abin da suka gano. An fara gwajin a 2005 a Kalifoniya da Fulorida da New York, aka ƙara wasu jihohi daga baya, aka kammala a 2008. Sun gano sama da dala biliyan 1 na biyan da bai dace ba. Wajen kashi 96 cikin 100 kuɗin da aka ce asibitoci sun karɓa fiye da kima ne, kashi 4 kacal aka gano cewa gwamnati ce ta rage wa asibiti haƙƙinsa. Majalisa ba ta ma jira ƙarshen gwajin ba, tun 2006 ta mayar da shirin na dindindin, ta ce ya karaɗe ƙasar zuwa 2010. A lokacin la'adar tana tsakanin kashi 9 zuwa 12.5, kuma suna da ikon komawa baya shekara uku. A 2013 kaɗai sun karɓo wa gwamnati wajen dala biliyan 3.65.

Wanda ake biya bisa abin da ya ƙwato, inda kuɗi suka fi yawa zai nufa, ba inda ɓarna ta fi muni ba. Inda suka nufa shi ne gajeriyar kwanciya. A tsarin Medicare akwai bambanci babba tsakanin mara lafiyar da aka ba gado a matsayin wanda aka kwantar, da wanda aka ajiye don a sa masa ido. Gado ɗaya ne, ma'aikaciyar jinya ɗaya, ruwan da aka ɗaura ɗaya, amma tun 1983 wanda aka kwantar ana biyan asibiti dunƙulallen kuɗi ne gwargwadon rukunin cutarsa, kuma yawanci ya fi na sa ido nesa ba kusa ba. Tsohuwa ta zo da ciwon ƙirji da daddare, likita ya ji tsoron bugun zuciya ya kwantar da ita, gwaje-gwaje suka fito lafiya, washegari ta koma gida. Bayan shekara biyu mai bincike, wanda ya riga ya san ba ta mutu ba, sai ya ce ai ba ta buƙaci kwanciya ba, a dawo da kuɗin duka. Likita ya yanke hukunci ne cikin rashin sanin gobe, mai bincike kuma yana karantawa bayan goben ta zo ta wuce. A ganina wannan shi ne rashin adalci mafi girma a farkon shirin, ko da yake ba za a ce duk asibitocin wankakku ne ba, akwai waɗanda suka mayar da kwantarwa hanyar samu.

Asibitoci suka ɗaukaka ƙara tuli-tuli. Doka ta ce alƙalin da ke sauraren irin waɗannan ƙararraki ya yanke hukunci cikin kwana 90, amma zuwa 2015 ƙararrakin da ke jira sun haura 800,000, daga baya matsakaicin jira ya wuce kwana 1,000. A Oktoban 2013 CMS ta fito da ƙa'idar tsakar dare biyu: idan likita yana da dalilin tsammanin mara lafiya zai ƙetare sha biyun dare sau biyu a asibiti, kwantarwa ta halatta, matuƙar dalilin yana rubuce. A 2014 ta yi wa asibitoci tayin sulhu, su janye ƙararrakin gajeriyar kwanciya a ba su kashi 68 na kuɗin. Asibitoci wajen 2,000 suka karɓa, aka biya su kusan dala biliyan 1.5. A shekarar ce kuma ƙungiyar asibitocin Amurka ta kai gwamnati kotu kan jinkirin, har a Nuwamban 2018 alƙali James Boasberg ya ba da umarni a share tarin ƙararrakin kafin ƙarshen shekarar kuɗi ta 2022. An kuma ɗaure wa RAC hannu kaɗan. Yanzu ba a biyansu la'ada sai an wuce mataki na biyu na ɗaukaka ƙara, an taƙaita yawan fayilolin da za su nema, kuma ana sa musu ido kan yawan hukuncinsu da ake sokewa.

To me mai bincike ke nema a cikin fayil? Dokar Medicare ta ce ba a biyan aikin da bai zama mai ma'ana kuma na dole ba wajen gano cuta ko magance ta. Kusan duk rigimar a kan wannan take. Fayil mai kyau shi ne wanda baƙo zai karanta ya bi tunanin likita daga farko zuwa ƙarshe: mutumin ya zo da kaza, na auna na ga kaza, na ji tsoron kaza, shi ya sa na ba da umarnin hoton ƙirji, ga sakamakon, ga abin da na yanke. Idan aka rubuta "numfashi na yi masa wuya, a kwantar" aka tsaya, an bar wa mai bincike fili. Idan aka rubuta yawan iskar oksijin da ke jininsa, da shekarunsa, da ciwon zuciyar da yake fama da shi, da cewa maganin da aka ba shi a ɗakin gaggawa bai sauƙaƙa masa ba, to an rufe ƙofa. Bambancin minti biyu ne na rubutu. Manyan asibitoci har ma'aikata na musamman suke ɗauka, galibi tsofaffin ma'aikatan jinya, da ke bin fayiloli tun mara lafiya yana kan gado, suna aika wa likita tambaya in sun ga giɓi. Ba a yarda su gaya masa abin da zai rubuta ba, sai dai su tambaye shi abin da yake nufi.

Sa hannu ƙaramin abu ne mai cin kuɗi da yawa. Idan sa hannun likita ba ya karantuwa, ana karɓar rajistar da ke nuna sunan kowane ma'aikaci da irin sa hannunsa. Idan ya manta bai sa hannu a bayanin duba mara lafiya ba, zai iya rubuta takardar shaida daga baya cewa shi ya yi rubutun. Amma umarnin da doka ta ce dole a sa masa hannu, in aka same shi babu sa hannu, mai bincike zai ɗauka kamar babu shi, takardar shaida ba ta ceto shi.

Sai lambobi. Kowace cuta tana da lambarta a kundin ICD-10, wanda Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba, 2015, kowane aiki kuma yana da tasa a kundin CPT na ƙungiyar likitocin Amurka. Ganin likita ga wanda ya saba zuwa yana da matakai biyar, daga 99211 zuwa 99215, kowane mataki da farashinsa. Likitan da kusan duk majinyatansa ke faɗawa mataki na sama, alhali takwarorinsa a fanni ɗaya suna tsakiya, ba sai wani ya kai ƙararsa ba, kwamfuta za ta tsamo shi. Haka wanda ke rarraba aiki guda gida-gida don ya karɓi kuɗin kowanne daban. Fayilolin kwamfuta kuma sun zo da nasu ciwon. Kwafe bayanin jiya a manna a na yau ya zama ruwan dare, har ka ga mara lafiya ya yi kwana biyar a asibiti da bayani iri ɗaya harafi da harafi, ko an rubuta an duba ƙafafu biyu lafiya ga mutumin da aka yanke wa ɗaya. Da mai bincike ya ga irin wannan sau biyu, ya daina yarda da sauran shafukan.

Abin da ke durƙusar da ƙananan asibitoci ba fayil ɗaya ko goma ba ne, faɗaɗa lissafi ne. Kamar mai sayen masara ne a Dawanau da zai soki buhu uku ya yanke wa tirela guda farashi. A ɗauka, don misali kawai, asibiti ya tura takarda 5,000 na wani aiki cikin shekara uku. Mai bincike ya ɗebi 50, ya ƙi amincewa da 20, kuɗinsu bai wuce dala 6,000 ba. Ba dala 6,000 zai nema ba. Zai ɗora wannan kaso a kan duka 5,000, lissafi ya doshi dala 600,000, sannan a rage wani abu saboda tazarar kuskuren ƙididdiga. Dokar 2003 ta ce ba a yin haka sai an ga kuskure mai yawa ko mai ɗorewa, ko an wayar da kan asibitin bai gyara ba. Sai dai ba a ɗaukaka ƙara kan hukuncin cewa kuskuren ya yi yawa, abin da ake iya ƙalubalanta shi ne yadda aka ɗebi samfurin da yadda aka yi lissafin. Shi ya sa a irin wannan shari'a za ka ga lauyan asibiti ya ɗauko masanin ƙididdiga. Shi ya sa kuma ba a raina ko fayil guda cikin hamsin ɗin nan, tunda kowanne da aka ceto yana rage bashin ninki ɗari.

A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutane su gyara fayil. Wasiƙa ta zo, an buɗe an ga giɓi, likita ya tuna sarai abin da ya faru, me zai hana ya ƙara layi biyu? Ƙa'ida ta yarda da ƙarin bayani daga baya, amma da sharaɗi: a rubuta cewa ƙari ne, a sa ranar da aka yi shi, a sa hannu, kada a goge na asali. Ko hakan ma, ƙarin da aka yi bayan isowar wasiƙa ba shi da wani nauyi a idon mai bincike. Wanda kuwa ya koma ya cusa rubutu kamar tun ranar aka yi shi, kwamfuta tana riƙe da tarihin wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya taɓa kowane layi, kuma masu farautar zamba suna neman wannan tarihi. Garin gyaran gira a rasa ido, batun mayar da kuɗi ya koma batun gidan yari.

Sauran shirin da asibiti zai yi wa bincike ba shi da armashi, aikin akawu ne. A san adireshin da wasiƙun ke zuwa, a naɗa mutum ɗaya da zai riƙe rajistarsu, domin rashin amsawa cikin wa'adi daidai yake da faɗuwa. A tura fayil cikakke mai lambar shafi, a ajiye kwafin abin da aka tura da shaidar isarsa. Idan wani ɓangaren bayanin yana hannun wani likita ko wani ɗakin gwaji, wanda ya karɓi kuɗin shi ne zai je ya nemo. Matakan ɗaukaka ƙara biyar ne, na farko wa'adinsa kwana 120, na biyu 180, sauran ukun kwana 60 kowanne, na ƙarshe kotun tarayya. Amma akwai tarko a ciki. Kwana 120 gare ka, gaskiya ne, sai dai in ba ka shigar cikin kwana 30 ba, a rana ta 41 za a fara zare kuɗin. Duk wata hujja kuma dole ta shiga kafin a gama mataki na biyu, bayan nan ba a karɓar sabuwa sai da ƙwaƙƙwaran uzuri. Kuma da zarar ka faɗi a mataki na biyu za a ci gaba da zarewa ko da kana jiran alƙali. A shekarun da jiran ke kai shekara uku, ƙaramin kamfanin jinya kan mutu kafin ranar shari'arsa ta zo.

Binciken ba a kan lissafi kaɗai ya tsaya ba, yana shiga alaƙar asibiti da likitoci. Tun 1972 laifi ne a ba da wani abu ko a karɓa domin a turo majinyatan gwamnati. Dokar Stark ta 1989 kuma, wadda aka faɗaɗa daga baya, ta hana likita tura mara lafiya wurin da yake da alaƙar kuɗi da shi, sai in alaƙar ta cika wasu sharuɗɗa. Asibitin Tuomey da ke garin Sumter a Karolina ta Kudu ya ƙulla kwangila da likitoci 19 domin kada su kai ƙananan tiyatocinsu wani wuri, albashinsu kuma yana hawa da sauka gwargwadon aikin da suka kawo. Wani likita da ya ƙi sa hannu ya kai ƙara. A 2013 kotu ta samu takardu 21,730 a matsayin na ƙarya, ba don ba a yi tiyatar ba, sai don alaƙar da ta kawo majinyatan haramtacciya ce. Hukuncin ya kai dala miliyan 237. A 2015 aka sasanta a kan miliyan 72.4, asibitin kuma ya koma hannun wani kamfani.

Makamin da aka yi amfani da shi tsohuwar doka ce ta 1863, daga zamanin Abraham Lincoln, lokacin da 'yan kwangila ke sayar wa sojoji guragun dawaki da ruɓaɓɓen abinci. An ƙara mata kaifi a 1986. Wanda ya tura wa gwamnati takardar ƙarya da sani, ko ya kau da kai da gangan, zai biya ninki uku na asarar, ga tarar sama da dala 13,000 a kan kowace takarda. Mai kwarmata bayanin kuma yana samun kashi 15 zuwa 30 na abin da aka ƙwato. A shekarar kuɗi ta 2024 an samu sama da dala biliyan 2.9 ta wannan doka, fiye da rabi daga ɓangaren lafiya. Ma'anar wannan ga mai asibiti ita ce mai binciken da ya fi haɗari yana iya kasancewa a ofishinsa yake karɓar albashi: akawun da ta yi ta faɗa ba a saurare ta ba. Saboda haka ne jagoran da ofishin Sufeto Janar ya fitar wa asibitoci a 1998, ya kuma bi shi da wani na duk ɓangaren lafiya a Nuwamban 2023, ya nace a kan a naɗa jami'in bin ƙa'ida mai iya magana kai tsaye da hukumar gudanarwa, a buɗe hanyar da ma'aikaci zai kai koke ba tare da tsoron kora ba, a riƙa duba jerin waɗanda gwamnati ta haramta wa taɓa kuɗinta kafin a ɗauki kowa aiki.

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai ce mu da ba a ma biyanmu a kan lokaci, ina ruwanmu da wannan. Da gaskiyarsa ta wani gefen. A tsarin inshorar lafiya na Najeriya, ayyukan matakin farko ana biyansu ne bisa yawan mutanen da suka yi rajista da asibiti, na mataki na biyu kuma sai an samu lambar izini daga HMO, wato kamfanin da ke biyan asibiti a madadin inshorar, sannan a tantance takarda kafin a biya, asibiti ne ke bin bashi. Amma dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, jihohi suna da hukumominsu irin su KSCHMA a Kano, kuma duk inda kuɗin gwamnati suka ƙaru masu tambaya za su biyo baya. Tambayoyin kuwa ba su da bambanci: takardar neman biya ta ce an ba da magani kaza, katin mara lafiya ya nuna haka? Wa ya rubuta, yaushe, saboda me?

Shawarar da kowane masani ke ba asibiti a Amurka ita ce ya binciki kansa kafin a bincike shi, ya riƙa ɗiban fayiloli lokaci-lokaci yana dubawa da ma'aunin gwamnati. Shawara ce mai kyau, sai dai tana da ƙaya. Dokar lafiya ta 2010 ta ce duk wanda ya gano an biya shi fiye da haƙƙinsa dole ya bayyana ya mayar cikin kwana 60, ƙa'idar 2016 kuma ta ce ya waiwaya baya har shekara shida. Daga Janairun 2025 an ba da damar dakatar da agogon har kwana 180 idan ana gudanar da bincike na gaskiya don a gano iyakar matsalar. In wa'adin ya wuce kuɗin suna hannunka, kuskuren da aka yi ba da niyya ba ya zama takardar ƙarya, da ninki ukunta da tararta. Don haka asibitin da bai shirya mayar da kuɗi ba, binciken kansa hujja yake tara wa masu gabatar da ƙara. Wanda ya kai kansa ga ofishin Sufeto Janar kuwa, yawanci ana sasantawa da shi a kan ninki ɗaya da rabi.

An gwada wannan doka ta kwana 60 a New York. Wata matsala ta manhajar kwamfuta ta sa asibitocin rukunin Continuum Health Partners suka riƙa cajin Medicaid kuɗin da bai kamata ba. Aka sa wani ma'aikaci ya duba. A Fabrairun 2011 ya aika wa shugabanni jerin takardu sama da 900 da yake zargin abin ya shafa, bayan kwana huɗu aka sallame shi daga aiki. Asibitocin sun mayar da kuɗin, amma da kaɗan-kaɗan, sai da suka kwashe wajen shekara biyu. Da aka je kotu suka ce ai jerin zargi ne kawai, ba a tantance adadi ba, don haka ba a "gano" komai ba. A 2015 alƙali ya ƙi wannan hujja, ya ce agogo ya fara ne daga lokacin da aka sanar da su. Kuɗin da ake magana a kai sun ɗan haura dala 800,000. A 2016 suka biya dala miliyan 2.95.